Amanar Inna Tasalla

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tafinta a kotu a Sakkwato, kuma ko sau ɗaya alƙali bai taɓa ce mini in maimaita ba. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da aka aika Illela: dattijo mai ji da harshensa, wanda ke gyara wa mai karanta labarai a rediyo Hausarsa alhali shi kaɗai ne a ɗaki. Tun da matata Rahmatu ta rasu, shekara biyu ke nan, rediyon nan ne abokin gardamata. 'Ya'yana suna Kaduna da Abuja, suna kira ranar Juma'a idan ba su manta ba.

Aikin da aka ba ni ba mai wuya ba ne. Akwai wata ƙungiya mai suna Farfaɗo da Fako, da ke karɓar ƙasar da ta mutu a ƙauyukan Illela, ta kewaye ta da waya, ta haƙa ramuka, ta dasa itatuwa. Masu tallafa mata daga waje suna son wani wanda ba ɗan ƙungiyar ba ya je ya duba ko tana aikinta a fili, ko tana da abin ɓoyewa, kuma ko talaka yana da inda zai kai kuka idan an cuce shi. Suka ba ni takarda mai tambaya arba'in, kowace da gurbi biyu a gabanta, e ko a'a, suka ba ni mako guda. Na karɓa ne kawai don gidan ya yi mini faɗi.

Ranar Lahadi na sauka, ranar kasuwa, garin ya cika har babu wurin sa ƙafa. Shanu, raƙuma, 'yan canji da ɗaurin kuɗin sefa a hannu, 'yan kabu-kabu suna kiran Kwanni ta Nijar kamar bayan gidansu ne. Kowa yana da wanda yake nema, kowa yana da wanda ke jiransa. Ni kuwa na kama ɗaki a wani masauki bayan tasha, na ajiye jaka, na zauna a bakin gado. Can wayata ta yi ƙara. Na yi saurin ɗauka, na ce ko ɗaya daga cikin yaran ne, ashe sabis ɗin Nijar ne ya kama ta, suna yi mini maraba da Faransanci. A mako gudan nan, wannan ne saƙon da ya fi zo mini.

Washegari na je ofishin ƙungiyar da shirin kama ɓarawo. Wanda ya yi shekara talatin a kotu ba ya shiga ofis da kyakkyawan zato. Shugaban wurin wani matashi ne mai suna Sharafuddeen, siriri, mai tabarau, wanda ya karanta ilmin daji kuma ya ƙi aikin Abuja ya dawo. Ya ba ni haushi ƙwarai, domin duk abin da na tambaya sai ya miƙo mini kafin in rufe baki. Rahoton shekara yana manne a allo da Hausa da Turanci. Sunayen 'yan kwamiti da lambobin wayarsu suna nan a jikin ƙofa. Itatuwan da suka mutu ma an rubuta yawansu, abin da ban taɓa ganin wata ƙungiya ta yi ba. Na yi ta cike gurbin e har hannuna ya gaji.

Abu guda na samu na riƙe, akwatin ƙorafi. An kafa shi a bakin ƙofa, an yi masa fenti kore, amma zanzaro ya gina ɗakinsa daidai kan ramin da ake jefa takarda. Na nuna wa Sharafuddeen, na ce ga mai ƙorafi ɗaya da ya samu shiga. Ya yi dariya, ya ce a shekara uku da ya yi a nan ba a taɓa jefa komai a ciki ba, kuma shi yana ɗaukar hakan alamar mutane sun gamsu. Na ce masa ko kuma alamar ba su iya rubutu ba. Na ji daɗin wannan magana tawa, na yi ta juya ta a raina har na gama cin tuwona ni kaɗai a rumfar mai abinci.

Ranar Talata na hau kabu-kabu zuwa Tungar Dabo, wani ɗan ƙauye a yankin Araba, inda ƙungiyar take da filinta mafi girma. Na ce kada kowa daga ofis ya bi ni, don mutane su saki jiki. Fako, ga wanda bai san shi ba, ƙasa ce da ta ƙeƙashe ta yi tauri, ruwan sama ya zuba a kanta ya wuce bai shiga ba, ko ƙarangiya ba ta fitowa. To wannan filin ba fako ba ne kuma. An haƙa ramuka masu siffar rabin wata bi da bi don tare ruwa, a cikin kowanne akwai bagaruwa ko magarya da ta fi ni tsawo, gamba da kyasuwa sun rufe tsakani. Na tsaya a bakin wayar ina jin kukan tsuntsaye, na yarda a raina cewa yaran nan sun yi aiki. A jikin wayar akwai allo da manyan baƙaƙe: WANNAN ƘASA AMANA CE.

Aka tara mini mazan ƙauyen a ƙarƙashin wata aduwa. Na yi musu tambayoyina ɗaya bayan ɗaya. Suka ce ana barinsu su yanki ciyawa da kaka, ana kiransu taro sau biyu a shekara, ba a taɓa yi musu ƙarya kan ladan haƙa ba. Tambaya ta goma sha huɗu tana cewa: shin an bayyana wa masu ƙasa sharuɗɗan bayarwa da harshen da suke ji? Suka ce ƙwarai kuwa, an zo da malami takanas daga Sakkwato ya karanta musu. Na sa alama a gurbin e, na fara haɗa takarduna.

Sai na ga wata tsohuwa zaune a gefe kan turmi da aka kife, riƙe da sanda, idanunta sun yi fari da yana. Tun da na fara magana take karkata kunne wajena. Mai gari ya ce sunanta Inna Tasalla, tana cikin mutum ashirin da uku da suka ba da filin, kuma nata kason ne ya fi girma domin mijinta ya bar mata shi.

"Malam, in kun ƙare da mazan, ni ma ina da magana," in ji ta.

Na matsa na durƙusa, na gaishe ta. Ta ba ni labari a hankali, ba tare da kuka ko roƙo ba. Gonarta ta jigawa da take ci da ita, kwarin da ruwa ke haƙawa ya yi ta cinye ta damina bayan damina, bara ya raba ta biyu, abin da ya rage bai kai a juya garma ba. 'Yarta Raliya kuma mijinta ya rasu, ta dawo gida da 'ya'ya huɗu. Ta ce ta aika wa mutanen aikin itace sau biyu ta bakin mai gari, suna cewa za a duba.

"Amana nib ba su. Sun riƙa, sun gyara, Allah shi saka musu da alheri. Yanzu ina bukata, su maido man abina kahin ruwa shi sauka."

Na yi mata bayani irin na ma'aikaci, cewa ni ba ɗan ƙungiyar ba ne, dubawa kawai na zo yi, amma zan rubuta. Ina cikin magana ta ɗaga hannu.

"Sake hwaɗi in jiya."

Na sake faɗa. Sai fuskarta ta washe, ta laluba ta kama hannun rigata.

"Kai na. Muryakka ta. Kai kak karanta muna takarda ƙarƙashin aduwag ga. Alhamdu lillahi, shaida ya zo da ƙahwatai."

Na ce mata ta yiwu ta haɗa ni da wani. Ta ce ido ne ya tafi, kunne yana nan. Ta ce har ta tambaye ni a ranar, ta ce Malam sayarwa ce ko kyauta, na ce mata ba ko ɗaya, amana ce, ita kuma da ta ji haka ta miƙa yatsa, domin wanda ya kira sunan amana a gaban jama'a ya san Allah.

Na ɗaga kai na dubi aduwar. Sai a lokacin abin ya dawo mini. Shekara tara da suka wuce, ina cikin hutu, wani abokina ya roƙe ni in raka wasu baƙi wani ƙauye in karanta takarda, aikin yini guda. Lokacin ƙungiyar ba ta ma da wannan suna, wurin kuma jan fili ne fetal, babu itace sai wannan aduwar. Na karanta, aka ba ni lemo, na koma gida na ba Rahmatu labarin zafin ranar. Takardu nawa na karanta wa mutane a rayuwata? Ban sake tuna wannan ba ko sau ɗaya.

Ban bi ta masauki ba, ofis na wuce kai tsaye, na ce Sharafuddeen ya ba ni takardar yarjejeniyar Tungar Dabo ta asali. Kamar kullum, ya miƙo kafin in rufe baki. Yatsu ashirin da uku a jere da shuɗin tawada. A ƙasan shafi na ƙarshe, inda aka rubuta wanda ya fassara, ga sunana, Halilu Abu, ga sa hannuna mai doguwar jela da nake taƙama da shi.

Na karanta sakin layi na uku sau uku. Akwai wata kalmar Turanci guda ɗaya a ciki, wadda duk ƙamus ɗin da ka buɗe amana zai ce maka. Amma a bakin lauyoyi ba haka take nufi ba. Tana nufin ƙasar ta fita daga hannun mai ita har abada, ƙungiya ta riƙe ta don amfanin jama'a, ba mai nomawa, ba mai gadonta, ba mai karɓa. Amana kuwa a wurinmu abu ne da kake ba mutum ya ajiye maka, ranar da ka zo ka ce ba ni, ya tashi ya ɗauko, ko da shekara arba'in ta wuce. Na san wannan bambanci. Da a kotu ne, da na tsaya na warware shi da jimla uku. Amma ranar ana rana, baƙin suna duba agogo, kalmar kuma ta zauna daram a bakina, mutane suka gyaɗa kai, na ji daɗin kaina na wuce layi na gaba.

Na gaya wa Sharafuddeen komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce tun da ya zo yake jin mutanen ƙauye suna cewa amana, ya ɗauka salon magana ne mai daɗi, shi ya sa ma ya sa aka rubuta a allo. Saƙon Inna Tasalla ya iso masa, ya kai wa kwamiti, kwamiti ya ce takarda ta hana. Masu tallafi ba sa ba da ko kwabo sai kan ƙasar da ba za a sake nomawa ba, kuma idan aka buɗe wa mutum ɗaya waya, sauran ashirin da biyu suna nan suna kallo. Hanya ɗaya ce, in ji shi, a nuna cewa mutanen ba su fahimci abin da suka dangwala wa yatsa ba, kuma ba mai iya nuna haka sai wanda ya karanta musu.

"Baba, ba wanda ya san kai ne sai ni da tsohuwag ga," ya ce. "In ka rubuta, rahotonka ya mutu, don ba a yarda mai hannu cikin abu shi duba shi ba. Sunanka kuma ka san yadda Sakkwato take."

Ba barazana yake yi ba, tausayi ne, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Na fita na yi ta tafiya a ƙasa har bakin iyaka, inda manyan motoci ke jere suna jiran a buɗe musu. Na zauna a benci wurin wani mai shayi. Na ciro waya, na duba sunayen da ke ciki daga sama har ƙasa, ban sami wanda zan kira in ce masa na yi kuskure ba. 'Ya'yana za su ce Baba ka bar abin nan ka dawo gida. Abokan aikina na dā, rabi sun rasu, rabi kuma na gyara musu Turanci a gaban alƙali fiye da yadda za su yafe. Rahmatu ce kaɗai za ta saurara har ƙarshe, ta yi mini dariya, sannan ta faɗa mini abin da na riga na sani. Lambarta tana nan, ban goge ba. Kewarta ta kama ni a wurin har na kasa shanye shayin.

Da safe na soke alamar da na sa a tambaya ta goma sha huɗu, na mayar da ita gurbin a'a. Wurin bayani layi biyu ne kawai, sai na ƙara shafi huɗu. Na rubuta cewa ƙungiyar ba ta ɓoye komai ba, duk takardunta suna fili, amma mutum ashirin da uku sun ba da ƙasarsu kan kalmar da ba ita ce a takarda ba, kuma wanda ya faɗa musu kalmar shi ne mai wannan rahoto. Da na koma Sakkwato na je kotun da na yi aiki, na yi takardar rantsuwa a gaban wani magatakarda da ni na koya masa aiki. Bai ɗago ido ya dube ni ba har ya buga hatimi.

Abin da Sharafuddeen ya faɗa shi ya faru. Aka aiko mini da wasiƙa mai ladabi, an gode, an ajiye rahotona a gefe, za a aika wani. Labari ya zaga. A masallacin unguwarmu wani ya tambaye ni cikin raha ko har yanzu ina karɓar aikin fassara, mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Na daina gyara wa rediyo Hausa, ina kunna shi dai don a ji motsi a gidan.

Wata biyar shiru. Sai ga kiran Sharafuddeen ana gab da damina, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ya ce takardar rantsuwata ta yi aiki, ko da yake ba yadda muka so ba. Lauyoyin masu tallafi sun ƙi a warware yarjejeniyar. Abin da suka yarda da shi, bayan ya yi ta fama da su, shi ne a buɗe wa Inna Tasalla eka biyu daga cikin eka shida nata, ta noma gero tsakanin itatuwa, ba sare ko da reshe ɗaya, na shekara biyar, in an ga dama a sabunta. An rubuta sabuwar takarda. Amma tsohuwar ta ce ba za ta sa yatsa ba sai malaminta ya zo ya karanta mata.

Na ce masa ya gaya mata ni ne na jawo mata wannan duka. Ya ce ya gaya mata, har sau biyu, ta ce ta ji, a kira malamin dai.

Na sake hawa kabu-kabu zuwa Tungar Dabo. An cire allon nan daga jikin waya, saura ramukan ƙusa. A ƙarƙashin aduwar babu taro wannan karon, daga ita sai 'yarta Raliya da Sharafuddeen da mai gari. Ta amsa gaisuwata da fara'a, ta tambayi mutanen gida, na ce suna lafiya, don ban ga amfanin in ce mata babu kowa ba.

Na buɗe takardar. Shafi ɗaya ne da rabi, na yi kusan awa guda a kansa. Kowace jimla sai na faɗe ta, na juya ta, na sake faɗa ta wata hanya, na tambaya ko an gane. Ban taɓa yin fassara mai tsabta irin ta wannan rana ba, kuma ban taɓa jin ɗacin aikina irin na ranar ba. Da na zo kan kalmar da komai ya rataya a kanta, na dakata, na faɗe ta a fili: aro.

"Aro?" in ji ta. "Wa ka ara ma wa?"

"Su ne za su ara miki, Inna."

"Gonata?"

"Gonarki. Eka biyu daga ciki, shekara biyar. Sauran ba za ta dawo ba, ko gare ki ko ga Raliya ko ga jikokinki. Haka takardar farko ta ce, ni ne ban faɗa miki daidai ba."

Raliya ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Iska ta taso daga gabas da ƙanshin ruwa, kowa a wurin ya san saura kwana kaɗan a yi shuka, kuma akwai baki shida a gidan. Tsohuwar ta miƙo hannu cikin iska, ba ta san inda tawadar take ba. Na kama babban yatsanta na ɗora a kan tawada, na kai shi kan takarda. Ta danna da ƙarfi, ta ɗan riƙe hannuna kafin ta saki.

"Wancan karon ka hi iya karatu, Malam," ta ce.

Ban gyara mata ba.